Yadda Barira Ta Mari Gurasa

Dalilin da ya sa kuke ganin mai gurasa tana zura hannu cikin tanderu ta manna kwaɓi a jikinsa da ƙarfi, kamar mai marin wani, ba gwaninta ba ce. Haushi ne ya kawo shi. Ku matso ku ji, kuma wanda ya san zai dame ni da tambaya tun ban kai ko'ina ba, gara ya tashi tun yanzu.

A zamanin da, a kwance ake gasa gurasa. Kasko mai faɗi ake ɗorawa a murhu, a shimfiɗa kwaɓin alkama a kai, in gefe ɗaya ya yi a juya. Ba ta tashi, ba ta da laushi, amma takan yi kwanaki ba ta lalace ba, don haka ita ce guzurin matafiya. To a wani gari mai noman alkama a fadama an yi wata mata ana ce da ita Barira, kuma duk unguwarsu ita kaɗai ke da irin wannan kasko. Gadon uwarta ne, baƙi wuluk, ya sha wuta har ya yi santsi.

Barira tana da ƙane, sunansa Cindo. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har gemu ya fito masa a akushin gidanta yake ci. Wata rana ta je ɗiban ruwa sai ta ji mata suna hira, wai Cindo ya sayi jaki, zai bi ayarin fatake zuwa Gwanja nan da kwana uku. Duk gari sun sani, ita ce ta ƙarshen ji. Ta dawo gida ko tulun ba ta sauke ba ta tsaya a kansa.

"Cindo, ashe tafiya za ka yi?"

"Yaya, da ma ina ta neman yadda zan gaya miki."

"Ai ka samu. Ka gaya wa bakin rijiya, bakin rijiya ya gaya mini. To tunda ka iya yanke shawara kai kaɗai, sai ka iya yi wa kanka guzuri. Ko ƙwayar alkama ba za ta fita daga hannuna ba."

Ba a hankali ta faɗa ba. Zana ce kawai tsakaninta da maƙwabta, kuma kowa ya ji. A garin nan kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. In matafiyi ya fita da burgaminsa, jakar fatar nan ta tafiya, babu guzurin gidansu, to an sallama shi ke nan, shi ma ya san an sallama shi, kuma irinsa ba ya ƙara waiwayar gida. Cindo ya sunkuyar da kai ya shige ɗakinsa. Kwana biyu suna wuce juna a tsakar gida, ita tana jira ya ba ta haƙuri, shi yana jira ta huce. Duk jinin gida ɗaya ne, taurin kan ma iri ɗaya.

Ranar tafiya Barira ta tashi ta tarar fushin ya tafi, ya bar mata tsoro. Ayari zai ɗaga da an sallame azahar. In yaron nan ya fita da wannan magana a kunnensa, ta san ba za ta yafe wa kanta ba. Ta jira ya fita ɗaurin kaya, ta zuba alkama a dutsen niƙa, ta niƙe, ta tankaɗe. Don sauri ko ƙwarya ba ta tsaya wankewa ba, a cikin wadda ta yi ƙullun waina jiya ta kwaɓa. Ta rufe da faifai, ta miƙa hannu bayan ɗaki inda kasko ke jingine. Babu kasko.

Sai a lokacin ta tuna. Maƙwabciyarta Gwaggo Azumi ce ta are shi, ta ce yanzu-yanzu za ta dawo da shi. Wannan yanzu-yanzun tun kafin a yi shuka ne, ga shi har an kai amfani rumbu.

Kun san halin aro. Ba a hanawa, kuma ba a zuwa a ce wa babba a ba ni kayana gatsau. Sai an zauna, an gaisa, an kewaya. Ga kuma wata ƙaya: Barira ba za ta iya cewa sauri take ba, don da ta faɗa za a tambaye ta saurin me, ita da ta cika baki unguwa na ji. Ta yafa mayafi ta shiga gidan Gwaggo Azumi da murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Ina kwana, Gwaggo? An tashi lafiya? Yaya ƙafar?"

Nan ta yi kuskure. Ba a tambayar Gwaggo Azumi ƙafa. Ta ɗauko tarihin ƙafar tun daga ranar da ta zame a bakin kududdufi, ta bi ta kan maɗori biyu da mai sakiya ɗaya, ta kwance tsumma ta nuna. Barira tana "Allah ya sawwaƙe" tana satar kallon inuwar bango tana ja da baya. Da ƙyar ta samu gurbi.

"Gwaggo, ni kuwa ɗan kaskon nan, ko an gama da shi?"

"Wane? Au, na marigayiya. Ai tuni. Hansatu ta aiko lokacin sunan ɗanta, na ce kayan Barira ai na kowa ne, na ba ta. Me za ki yi da shi da sassafe haka?"

"Ba komai. Na ce dai in gan shi."

"To ai yana nan lafiya. Zauna ki sha koko."

Ba ta sha ba. Ta nufi gidan Hansatu a ƙarshen unguwa, rana ta fara zafi. Can ma sai da aka gaisa, aka miƙo mata yaro ta ɗauka, ta yaba ƙibarsa, ya yi mata fitsari a zane, aka ce ai alheri ne. Da ta kewayo kan kasko, Hansatu ta riƙe haɓa.

"Ashe naki ne? Ni na ɗauka na Gwaggo Azumi ne. Ai yana gidan Iya Dudu, uwar liman. Ta ce za ta soya gyaɗa."

Barira ta fito tana magana ita kaɗai a hanya, har wani mai itace ya ratse mata. Rana ta kusa tsaka sa'ad da ta yi sallama a gidan Iya Dudu. Tsohuwa ce tukuf, wadda ko limamin da ta haifa a durƙushe yake yi mata magana. Barira ta durƙusa ita ma, ta gaishe ta, ta gaishe da gwiwoyinta da idonta da tarin da ta yi bara. Tana cikin gaisuwar ta hango kaskonta a gindin rumbu. An zuba masa ƙaiƙayi, kuma wata jar kaza ta baje a ciki tana kwanci.

"Iya, wancan kamar kaskona."

"Naki ne, 'yar nan? Allah ya yi miki albarka. Kazar nan ta ƙi ko'ina sai cikinsa. Kwana shida ya rage ta ƙyanƙyashe. Ki bari in ta fito da su zan aiko miki da shi, har da ɗan tsako guda."

Barira ta dubi kazar, kazar ta dube ta da ido ɗaya. Da a ce ta buɗe baki ta ce Iya, ƙanena ne zai tafi yau, guzuri zan yi masa, wallahi da tsohuwar nan da hannunta za ta ɗage kazar. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Sai ta tuna matan gidan suna nan a bakin turmi sun kasa kunne, ta haɗiye.

"Ba komai, Iya. Allah ya sa ta ƙyanƙyashe lafiya."

Ni kam da ina wurin da na ɗan mangare ta. Amma ba a haife ni ba.

Tana shiga gida ladan ya kira azahar. Ɗakin Cindo a buɗe, a share, an naɗe tabarma an jingine. Ya zo sallama bai same ta ba, ya ja jakinsa ya tafi, kuma ta san abin da zai ɗauka: Yaya ta bar gidan ne don kada ta gan shi. Ta ɗaga faifai, sai ga kwaɓi ya kumbura ya cika ƙwarya har yana leƙowa, don sauran tsamin waina ya kama shi a cikin zafin rana. Abin da ba ta taɓa gani ba ke nan. Ta yanko curi guda ta riƙe a hannu, ta rasa inda za ta sa shi, ta rasa inda za ta sa kanta. Hawaye ya cika mata ido, na baƙin ciki da na haushin kanta.

Sai ga sallama. Gwaggo Azumi ce, tana ɗingishi, da tsingaro a hannu.

"Barira, sam mini wuta, tawa ta mutu. In kuma ludayinki na kusa, ara mini, yanzu-yanzu zan dawo da shi."

A tsakar gidan akwai wata tsohuwar randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa. A cikinta Barira ke tara garwashi saboda iska, kuma tun safe da ta cika ta da wutar gashi take ci, har jikinta ya yi zafi zau. Barira ta sunkuya kan randar nan kamar za ta ɗebo wuta. Ba ta iya zagin babba, ba ta iya kuka a gabanta. Sai ta ɗaga hannu ta shara wa cikin randar mari da curin kwaɓin nan, tas.

Ya manne, bai faɗo ba. Ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Ta yanko wani ta ƙara, wannan na yanzu-yanzu ne. Ta ƙara na Hansatu, ta ƙara na jar kaza. Na biyar, wanda ya fi duka ƙarfi, nata ne ita kanta.

"Ke lafiya?" in ji Gwaggo Azumi. Sai ta ɗaga hanci. "Me ke ƙamshi haka?"

Barira ta leƙa. Na farkon ya yi ja, ya taso, gefensa ya fara sakin randar. Ta ɓamɓaro shi ta gutsura, ga laushi, ga huhu a ciki, kuma ya gasu cikin lokacin da ko zafi kasko bai isa ɗauka ba. Ba ta tsaya mamaki ba. Ta shiga mari tana ɓamɓarowa, wuta ta lashe gashin hannunta har gwiwa ba ta ji ba, sai da ƙwarya ta koma wayam faifai ya cika.

"Wannan ai guzuri ne," in ji Gwaggo Azumi. "Ba ke kika ce ko ƙwayar alkama..."

"Na ce, Gwaggo. Yanzu kuma na fasa. Ga ludayi can."

Ta ɗora faifai a ka ko rufewa ba ta yi ba, ta bi ta tsakiyar unguwa da gudu, zane da fitsarin yaro, fuska da toka. Mata suka leƙo ta kan zana, wasu suka yi dariya, ta ji su sarai. Ƙofar gari babu kowa sai kashin jakai. Ta bi sawu har rafi, ta tarar ayari na haurawa. Cindo ne a can ƙarshe, yana jan jakinsa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, burgami a kafaɗa a lanƙwashe, ba komai a ciki.

"Cindo. Tsaya, marar kirki."

Ya juyo. Ya dubi faifan, ya dubi hannunta da ya yi ja.

"Yaya, na zo ba kya nan. Na ce ko..."

"Ka ce ko me? Buɗe jakar."

Ya buɗe, ta shiga zubawa tana faɗa, wai kada ya ci duka yau, kada ya sha ruwan da jakai suka taka, kada ya yarda a ba shi gadin kaya kullum don an ga shi sabo ne. Ya gutsuri ɗaya da zafinta ya sa a baka, ya tsaya yana share ido da hannun riga.

"Ki yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Kai ma ka yafe mini. Tafi, madugu na kallonka."

Ta tsaya a bakin rafi har ƙurarsu ta kwanta. Da ta koma gida ta tarar da Gwaggo Azumi tana kewaya randar, tana cewa ko za a ara mata ita gobe. A ranar Barira ta kwaɓa laka ta girke randar nan a ƙasa, ta shafe ta har wuya, yadda ƙato huɗu ba za su ɗaga ta ba. Mai so ya zo ya gasa a nan, in ji ta, amma ba inda za ta.

Cindo bai dawo ba. Ya yi aure a can, ya tsufa a can, sai dai saƙon gaisuwa da goro duk shekarar da ayari ya juyo. Barira takan ce ba ta ƙara ganinsa ba, amma ta gode Allah abin da ya shiga tsakaninsu na ƙarshe gurasa ce mai zafi, ba maganar da ta faɗa a tsakar gida ba.

Shi ya sa har yau ba za ku ga an ɗauki tanderu a ka an kai aro ba, a inda aka girke shi nan yake. Shi ya sa kuma ba a ajiye gurasa a hankali, sai an mare ta take kamawa. In kun ji wannan tas ɗin daga gidan mai gurasa, ku tuna saura ƙiris wani ya haye rafi yana zaton yayarsa ba ta sonsa.