Kululu da Aljanun da Ba Sa Ga-maciji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata tsohuwa ce wai ita Kululu. Maƙwabcinta Jatau ya ba ta kiwon tunkiya, a kan in ta haihu ɗan fari nasa, na biyu nata. Kululu ta sa mata suna Goshi. Tare suke shan hantsi, tare suke hira. Shiru-shiru, Goshi ba ta haihu ba.

Ran nan Jatau ya leƙo ya ce, "Iya, in baɗi war haka ba ɗa, sai mahauta."

Hankalin Kululu ya tashi, don tana son Goshi kamar ranta.

To, garin akwai aljanu biyu da ba sa ga-maciji. Mai-Iri yana gindin tsamiya da manyan ragunansa. Mai-Ciyawa tana fadama da ɗanyen hakinta.

Kululu ta je wurin Mai-Iri. Ya ce, "Haihuwa ai jini ce. Ga aron rago, amma kada ki taka fadama." Rago ya zo ya tafi, ciki bai shiga ba. Goshi ta ce, "Iya, dubi haƙarƙarina. Da wace tsokar zan riƙe ɗa?"

Kululu ta je wurin Mai-Ciyawa. Ta ce, "Haihuwa ai ƙoshi ce. Ɗebi haki, amma kada ki doshi tsamiya." Goshi ta ci, ta yi ɓul-ɓul. Ragon gidan Jatau ya bi ta, ta haihu, ɗan ya zo a langaɓe, ko kwana bai yi ba. Goshi ta ce, "Iya, ragon nan fa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Kululu ta ce, "Af! Ashe haka ne? Bar ni da aljanun nan."

Tsohuwa kuwa, ku kiyaye ta! Ta dogara sandarta har tsamiya, ta ce, "Ranka ya daɗe, Mai-Ciyawa ta ce ragunanka girman banza ne."

Mai-Iri ya yi tsalle ya dire. "Ni? Ɗauki ragon nan Balami! Uwarsa tagwaye take yi, kakarsa tagwaye take yi!"

Ta zarce fadama, ta ce, "Ranki ya daɗe, Mai-Iri ya ce hakinki ko zomo ba ya ƙosarwa."

Mai-Ciyawa ta tafa hannu. "Ni? Kwashi harawa, kwashi dusa, ga kanwa! Ki ɗaure ta a inuwa, kada ruwa ya yanke mata!"

Goshi ta ci, ta sha, ta huta. Balami ya zo ya tafi. Ciki ya shiga, ya zauna daram.

Ranar da Jatau ya shigo da igiya a hannu don ya kai Goshi mahauta, sai ya ji "mee" nan, "mee" can. Tagwaye, kowanne tsaye da ƙafarsa! Ya saki igiya ya ce, "Iya, ɗaya nawa, ɗaya naki. Uwar kuma ta zauna wurinki har abada."

Kululu ta rungume Goshi, ta rangaɗa guɗa. Daɗi kamar ya kashe ta.

Ƙurunƙus! Ba don Gizo ba, da na shirga muku ƙarya. Mai son garkensa ya yaɗu, ya nemo rago daga wani jini, ya kuma ƙosar da tunkiyarsa. Ɗaya ba ya yi sai da ɗaya.