Geron da Bai Ɗauki Sunan Mai Shi Ba

Akwai wani manomi mai hannun albarka. Shekara bakwai yana zaɓen zangarniyar da ta riga saura nuna, yana ratayewa a hayaƙin madafa, har ya sami irin gero mai nuna cikin kwana sittin. Amma duka irin bai wuce ƙwarya ɗaya ba. In ya shuka shi inda bai dace ba, wahalar shekara bakwai ta bi ruwa.

Labari ya bazu, mutum uku suka zo. Malamin makarantar noma ya ce, "Kawo mu bincika, mu sa sunanka a littafi." Manomin ya ji daɗi, amma shi rumbu yake so ya gani a cike.

Abokinsa ya zo da zumuɗi ya ce, "Mu sare sabon daji mu biyu. Gona tamu, suna namu!" Wannan kam ta taɓa masa zuciya. Sai dai gona ɗaya ce tak, garken tsuntsaye ɗaya ya ishe ta.

Na ƙarshe Sarkin Noma ne. Ya ce, "Ganduna yana ba ƙauye arba'in iri. Ina da tsofaffin manoma da za su ciji ƙwayarka su faɗa maka aibinta. Amma ka sani, kowane buhu da sunan gandu yake fita."

Maganar sunan nan ta tsaya masa a rai kwana uku. A na huɗu ya ɗauki ƙwaryarsa sai gandu. Maƙwabta suka ce ai tuwon manya ya bi. Tsofaffin nan kuwa ba su raga masa ba, suka ce karan geronsa ba shi da ƙwari. Ya ji haushi, ya koya, suka gyara tare.

Bayan shekara biyar ruwa ya ɗauke da wuri. Tafiya ta kai manomin wani ƙauye mai nisa, wata tsohuwa ta dama masa fura. Ta ce, "Sha, ɗana. Geron gandu ne. Ba don shi ba, da bana jikokina sun sha wuya. Ko wa ya samo shi, Allah ya yi masa albarka."

Ya buɗe baki zai ce "Ni ne," sai murna ta sha kansa, yana dariya hawaye na zuba. Ya ce, "Amin, Inna! Ƙara mini."

'Yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: irin nan baiwar da Ubangiji ya ba kowannenmu ce. Tun da ɗanmu na wannan majami'a, Habila, mai rubuta manhajar kwamfuta, ya bar tayin jami'a da na abokansa masu kafa sabon kamfani, ya shiga babban kamfani, nake jin ƙus-ƙus a bayan majami'a wai kuɗi ya bi. Wa ya tambaye shi? Ni na tambaya. Ya ce mini, "Baba Fasto, can akwai gwanayen da za su gyara ni, kuma abin da na rubuta zai shiga wayar mutanen da ba zan taɓa gani ba."

Jami'a gona ce mai kyau, sabon kamfani ma haka, kuma wasunku can aka kira su. Amma kafin ka ɗauki ƙwaryarka, tambayi zuciyarka: sunanka kake so a ji, ko mutane kake so su ƙoshi? Tsohuwar nan ba ta san wanda ta sa wa albarka ba. Allah ya san shi, kuma albarkar ba ta ɓata hanya ba.