Hoton Gidan Tsoho Merv

Ƙawata Lantana, matso ki ji, ke da sauran masu bin shafin nan.

Akwai wani mutum a garinmu, Lachlan Prowse. Shekara arba'in da ɗoriya, amma hankalin na ɗan yaye. Tun da ya sayi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, ya daina ganin kowa da gashi. Duk wanda ya yi masa magana a bakin teku ko a filin ƙwallo, sai ya zaro waya ya ɗauki fuskarsa, ya sa a shafinsa a yi ta dariya. Wai shi ya gano maganin 'yan sa-ido.

A Janairun bara, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar bazara, da zafi ya kai zafi, gobarar daji ta tashi a bayan kwarinmu. Jama'a suka kwashi yara da karnuka suka nufi zauren taron gari. Mahaifin Lachlan, tsoho Merv, ya ƙi barin gonarsa. Ya toshe indararon rufi ya cika su da ruwa, ya ja tiyo ya tsaya, kamar yadda ya yi a gobara uku da suka wuce. Bayan Allah, abu biyu ya dogara da su: rafin da ke tsakaninsa da wutar, da jirage biyu masu saukar ungulu da ke ɗebo ruwa suna kwarara mata.

Lachlan bai je wurin ubansa ba. Tudu ya hau, ya saki jirginsa cikin hayaƙi, yana lissafin mutum nawa za su kalla.

Sai ga a-kori-kurar Noeleen, tsohuwar da ta shekara talatin tana kai wa 'yan kwana-kwanan sa-kai burodi da shayi. Ta taka birki ta fito, oba-obar motar tana ta surutu.

"Lachie, sauko da abin nan. Yanzu."

Ko kallonta bai yi ba. "Kaka, ja da baya. Doka ta ce taku talatin tsakanin jirgina da mutum. Ke ce mai karya ta."

"Ita kaɗai ka haddace? In naka yana sama, jiragen kashe wutar ba sa tashi. Ko yaron firamare ya sani."

"Nawa bai kai tantabara ba. Sararin sama gadon gidanku ne?" Ya ɗaga waya ya saita ta. "Jama'a, ku gaisa da kwamandar rundunar burodi."

"Ni na sha share maka majina a bencin coci, sakarai. Ɗauke ni da kyau. Amma Merv yana ƙasan can."

"Baba ya san wuta tun ba a haifi matuƙan nan ba. Je ki, shayinki zai huce."

Bai rufe baki ba oba-oba ta yi magana: "An ga jirgi marar matuƙi a saman kwari. Duk jirage su sauka."

Rugugin jiragen da kowa ke ji tun safe ya yi nisa, ya ɓace. Lachlan ya yi wata 'yar dariya, ya ce tsoro ne kawai irin na ma'aikata.

Daga nan iska ta juya.

A fuskar na'urar da ke hannunsa ya gani, tar. Wuta ta tsallake rafin, ta kama bishiyoyin turare, ta miƙe zuwa wani jan rufi da ya sani tun yana rarrafe. Ga wani ɗan ɗigo a tsakar gida yana jan tiyo.

"Kaka, kira su! Ki ce na sauke! Wallahi na sauke!"

Noeleen ta kira. Amma matuƙi ba ya komawa cikin hayaƙi da rantsuwar wawa. Sai da aka tabbatar sama ba komai, minti arba'in cur.

Allah da ikonsa, Merv ya jiƙa bargon ulu ya lulluɓa, ya faɗa tafkin tumakinsa har wuya. A can aka tsamo shi, hannuwa biyu sun ƙone. Gidan kuwa sai bututun hayaƙin murhu a tsaye. Hotunan marigayiya matarsa, kujerar da ta rasu a kai, duk toka.

'Yan sanda ba su wahala ba. Shaidar tana cikin wayar Lachlan, har da muryarsa da maganar burodi.

Noeleen ce ta ba Merv ɗakin bayan gidanta. Bayan sati uku Lachlan ya lallaɓo da ledar inabi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kazar da ruwa ya doka.

"Baba..."

Tsohon ya dube shi, hannuwansa naɗe da bandeji bisa cinya.

"An ce ka ɗauki gidan da kyau," in ji shi. "Adana hoton. Shi kaɗai ka bar mana."

Darasi: Wanda ya tsayar da kai a hanya ba lallai maƙiyinka ba ne, wataƙila ya hango abin da girman kai ya rufe maka. Saurara kafin ka yi ba'a, domin wutar da ka raina ba ta tambayar gidan wane ne. Ku tura wa wasu su amfana. Amma Lantana, sunayen na canza, kuma na san kin gane su. Don Allah kada ki faɗa wa kowa ko su wane ne. Ba don shi ba, don tsohon.