Direban da Aka Karɓe wa Makulli

Akwai wani mutum mai suna Habila, ɗan dako ne a kasuwar hatsi. Tun yana saurayi yake ɗaukar buhu, har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Yana da mata mai suna Damaris da 'ya'ya ƙanana. Abin da ya samo da rana, shi ake ɗorawa a wuta da yamma.

A kasuwar nan akwai wani mai manyan motoci, mutum ne mai zafin rai amma mai lura. Ya ga Habila ba ya jefar da buhu, a hankali yake ajiye shi kamar nasa. Ran nan sai ya kira shi ya ce, "Kai, wuyan nan naka ba zai kai ka tsufa ba. Kana son tuƙi?"

Habila ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ƙi? Sai dai ba ni da hali."

Mai motoci ya ce, "Ni zan biya maka kuɗin koyo, in yankar maka lasin. Amma da sharaɗi. Za ka yi mini aiki har in fanshe abin da na kashe. In muka rabu kafin nan, ka biya ni abin da ya saura."

Habila ya yarda a gaban dattawan tasha. Ya koyi tuƙi da dukan zuciyarsa, har hannunsa ya faɗa. Ranar da ya fara jan babbar mota shi kaɗai, Damaris ta tsaya a bakin titi da goyo, tana dariya tana share hawaye. Gida ya sami sauƙi, yara suka shiga makaranta, miya ta fara ganin nama.

Ana nan, da damina ta yi tsakiya, Habila ya ɗauko masara daga wata kasuwar ƙauye. Da ya ga hadari ya haɗo, sai ya yanke ta gajeriyar hanya don ya riga ruwa. Mota ta kafe a laka. Ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, tamfol ɗin da aka rufe kayan da shi tsoho ne, duk ya yage. Kafin a ciro motar, masara ta jiƙe, rabinta ta lalace.

Ubangidansa bai tsaya jin ba'asi ba. A gaban mutane ya ce, "Ajiye mini makullina. Na sallame ka. Kuɗin da na kashe a kanka kuma, ina jiransu."

Habila ya buɗe baki zai ce ai ya sha faɗa a sake tamfol, sai ya ga babu kunnen ji. Ya ajiye makulli ya tafi.

Direbobin tasha suka kewaye shi. Wani ya ce, "Kada ka ba shi ko kwabo. Kai ka tafi? Shi ya kore ka." Wani ya ce, "In ya isa ya kai ka ƙara." Maganar ta yi wa Habila daɗi, har ya isa gida yana maimaita ta.

Damaris ta saurare shi har ya gama. Ta zuba masa tuwo, sa'an nan ta ce, "Baban Rahila, da ya karɓe makullin, ya karɓe har da tuƙin?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To, ni dai shi ne ban gane ba. Abin da ya saya maka yana hannunka har yanzu."

Habila ya ci tuwonsa yana tunani. Ya tuna babu wanda ya tilasta masa bin gajeriyar hanya. Ya tuna kuma a gaban dattawa ya ce ya yarda, bai ce sai in an rabu da daɗi ba.

Ba a daɗe ba ya sami aikin tuƙa tifa, yana kai yashi wuraren gini a cikin gari. Albashin bai kai na dā ba, amma kullum a gida yake kwana. Ran Lahadi ba ya kan hanya, yana zaune a coci wurin sujada, ƙaramar 'yarsa na barci a cinyarsa. Duk ƙarshen wata sai ya ware wani abu ya kai wa tsohon ubangidansa. Mutumin yakan karɓa ba ko sannu, wani lokaci ko ɗaga kai ba ya yi. Habila ya gaishe shi, ya juya abinsa. An rage nama a miya, amma babu wanda ya kwana da yunwa, shi kuwa ba ya sauya hanya don gudun haɗuwa da kowa.

Ranar da ya kawo cikon kuɗin, mai motoci ya riƙe su a hannu, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Habila, ka san da ka ƙi biya, ba zan bi ka ba? Na san tamfol ɗin nan ruɓaɓɓe ne. Me ya sa ka yi ta zuwa?"

Habila ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ɗaya ka ɓata mini rai. Abin da ka koya mini kuwa, kullum da shi nake ci."

Mai motoci ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ka dawo. Zan ba ka sabuwar mota."

Habila ya ce, "Na gode ƙwarai. Amma na yi wa mai tifa alkawari zan kai shi ƙarshen gininsa. Ba zan bar shi a tsakiya ba."

Mutumin ya yi dariya, ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. Ya ce, "Da ka amsa mini, da ka ba ni kunya. Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Habila ya koma gida da aljihu wayam, yana tafe yana rera waƙar yabo.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tuƙin nan shi ne alherin da Allah yake yi mana ta hannun mutane: iyaye, malamai, iyayen gida, maƙwabta. Mutanen nan ba mala'iku ba ne. Wanda ya ɗaga ka jiya yana iya tozarta ka yau. Sa'an nan ne muryoyin tasha sukan taso a zuciya, suna cewa, "Tunda ya ɓata maka, ba ya binka komai." Kada ku saurare su. Laifin wani ba ya warware alkawarinka, ɓacin rai kuma ba ya goge alherin da ka riga ka ci. Ku lura, Habila ya sami salama tun kafin ubangidansa ya sauko. Bai jira a ba shi haƙuri ba kafin ya yi abin da yake daidai, gama a gaban Ubangiji yake riƙon maganarsa.

Watakila akwai wanda ya taɓa riƙe hannunka, yau kuwa ko gaisawa ba kwa yi. Watakila kuɗi yake binka, watakila godiya ce kawai. Kada ka jira shi ya fara. A makon nan ka tashi ka kai masa abinsa.