Rigar Da Aka Ba Maccido Don Ya Yi Shiru

'Yata Lauratu ta tambaye ni ina tankaɗe, "Inna, ana sayar da shiru?" Na ajiye rariya. Ana sayarwa, ya 'yan uwa, kuma ga abin da kakata ta ce ya faru.

An yi wani mutum zamanin Turawa, Maccido mai zuma. Lokacin ɓarayin shanu ƙungiya biyu ne, ta Jumare a gefen Tambuwal, ta Sambo a dajin Kebbe, kullum suna zubar da jinin juna.

Wata rana da hantsi Maccido yana kan marke yana ɗaura amya, sai ya ga Jumare ya soke Sambo har lahira a gindin itacen, ya ɗauke jakarsa ya tafi. Di'o, Baturen mulki, ya sa a bincika. Alƙali ya kira duk mai shiga dajin nan, Maccido ya dafa Alƙur'ani ya ce bai ga komai ba. Subhanallah!

Daga kotu sai ƙofar Jumare. Ya yi sallama, ya zauna, ya ce, "Bana zuma ba ta yi ba. Amma bisa marke ana ganin nisa." Aka ba shi damin dawa. Ya dawo, aka ba shi rago. Ya yi ƙiba har wuya ya ninke.

Da salla ta matso ya ce riga yake so. Jumare ya yi murmushi, ya shiga ɗaki ya fito da saƙi mai aiki. "Ungo, Malam. Awa don kai aka ɗunka ta."

Ranar kasuwar Tambuwal Maccido ya saɓa ta yana taƙama. Wani dogon mutum ya dafa kafaɗarsa, daidai inda aka yi faci da jan zare. Ƙanen Sambo ne.

"Ina kas samo wagga riga?"

"Kyauta ta!"

"Uwarmu ta yi facin ga da hannunta."

Nan Maccido ya gane abin da ke cikin jakar nan. Ya kama ihu, "Jumare na! Na gani da idona!" Wa zai yarda? Duk gari an ji rantsuwarsa cewa bai ga komai ba.

Ya sulale cikin taro, amma bai kai garinsu Sanyinna ba. Masu itace suka tsinci gawarsa, an tuɓe rigar. A jana'iza babu wanda ya kai Jumare hawaye.

Ku dubi ikon Allah, jama'a. Ba a aiko tsawa ba, ba a tsaga ƙasa ba. Zare ne bai kai kamu ɗaya ba.

Ke uwa, in mijinki ko ɗanki ya shigo da abin da ba ki san tushensa ba, ki tambaya kafin ki yi guɗa. Kai kuma da ka ga jini kake cin abinci da shirunka, tashi ka faɗa yau, tun ana yarda da bakinka. Allah ya kiyaye mu, mu da abin da muka haifa.