Manomi da Zanen Teku

Akwai wani manomi mai ɗa guda ɗaya tak, sunansa Habila. Da Habila ya girma, sai ya tafi bakin teku ya kama aiki a jirgin ruwa. A shekara ta biyu ya aiko wa iyayensa da wani zane, domin su ga irin wurin da yake, gama ba su taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinsu girma ba. Kafin damina ta kewayo, labari ya iso cewa jirgin ya nutse, ba a kuwa sami gawar kowa ba.

Manomin ya rataye zanen a bangon ɗakinsa. Teku ne cikin farin wata. Gizagizai masu nauyi, launin toka, sun cinye fiye da rabin zanen. Wata ya leƙo ta tsakaninsu, haskensa ya sauko ya shimfiɗa siririyar hanya a kan baƙin ruwa har zuwa gaɓa. A hagu akwai duwatsu, igiyar ruwa tana fashewa a kansu da farin kumfa. Can nesa ga wani jirgi da bai fi ɗan yatsa ba, ya karkata gefe guda.

Kowace safiya sai ya jawo kujera ya zauna gaban zanen. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: jirgin nan tafiya yake yi, ko dawowa? Ya daina zuwa gona. Ya daina zuwa sujada a coci.

Matarsa ita ma ta yi kukan ɗanta, amma ta ɗauki fartanya ta ci gaba da noma ita kaɗai. Ana nan sai tari ya kama ta. Tana ramewa, zani yana kwance mata a ƙugu, mijin bai lura ba.

Wata rana ta ajiye masa tuwo, ta ce, “Baban Habila, ƙirjina yana ciwo. Ka raka ni asibiti.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Gobe. Zo ki duba, kamar gaban jirgin yana fuskantar gida.”

Ta ce, “Ni ma fa ɗana ne.” Ta fita.

Goben ta zo ta wuce, haka jibi. Maƙwabta ne suka ɗauke ta daga bakin gona inda ta faɗi, ta rasu a hanya. Sa’ad da aka buɗe masa fuskarta, ya ja da baya, ya ce, “Yaushe ta rame haka?”

’Yan’uwa, ga ma’anar wannan misali. Manomin nan mu ne, duk wanda ya rasa abin da yake ƙauna. Zanen shi ne baƙin cikin da muke ratayewa muna kallo, muna yi masa tambayoyin da Allah kaɗai ya san amsarsu. Kuka ba zunubi ba ne, Ubangiji yana ganin hawayenmu. Amma wanda ya tafi yana hannunsa, mu kuwa amanar masu rai aka ba mu. In an tashi yau, ka koma gida ka dubi fuskar wanda ke kawo maka abinci. Ka tambaye shi lafiyarsa, ka kuma tsaya ka ji amsar.