Takunkumin Babur ɗin Sallau

To jama'a, ku gyara zama, mai goro ya tauna a hankali. Yau na zo muku da wadda za ku yi gardama a kanta har murya ta dushe.

A Kwarin Gauraka, wani ƙauye da duwatsu suka yi wa zobe, an yi wani malamin gona mai suna Sallau. Shekararsu tara da matarsa Ramma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a ta goma Allah ya kawo rabo. Ran wata Alhamis da hantsi naƙuda ta tashi, har azahar shiru. Ungozoma ta fito tana sharce gumi ta ce, "Malam Sallau, ɗan nan a gicciye ya zo. Ka kai ta asibiti yanzun nan, in ba haka ba mu rasa su biyun."

Ruwan safe ya tafi da gadar garin, 'yan acaɓa kuwa duk sun ƙetare zuwa cin kasuwa tun kafin ta karye. Hanya ɗaya ta rage, ta kan dutse, hawan da ko jaki sai ya tsaya ya yi tunani. Babur ɗaya ya rage, wanda ofis ya ba Sallau, mutanen gari suna ce masa Kunkuru. Kai, wannan babur! Ka murɗa totur har ƙarshe, sai ya yi ta kuka kamar ana yanka shi, mai tallar fura ta wuce ka a ƙafa. Sallau shi kaɗai ma tura shi yake yi a hawan, balle a ɗora mutum uku.

Ya jawo shi da gudu zuwa rumfar Ukashatu bakanike da ke daura da gidansa. Ukashatu ya tayar, ya kara kunne, sai ya daka tsalle. "Wallahi Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau! Takunkumi aka sa masa!" Nan take ya kwance kafireta, ya cusa ɗan yatsa a maƙogwaron da ke kai iska cikin inji, ya zaƙulo wani ɗan zoben ƙarfe mai ƙaramar kafa. Ashe tun daga kamfani aka maƙala shi don kada ma'aikata su riƙa tsere da babur ɗin ofis. Shekara huɗu Sallau yana tsine wa Kunkuru, bai san a shaƙe bawan Allah yake ba. Duk garin babu wanda ya san da wannan zobe sai Ukashatu.

Aka mayar, aka buga. Babur ya yi wata irin ƙara da ba a taɓa ji ba, jama'a suka ɗauki kabbara. Amma da aka murɗa totur sai ya yi tari, fat-fat, ya mutu. Ukashatu ya dafe kai. "Kash! Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sai an faɗaɗa jet." Jet kuwa wani ɗan bututun tagulla ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ta raminsa fetur ke bi. Babu wani a garin, kuma in aka zarce da faɗi ko da kaurin gashi ne, mai ya shanye filogi, shi ke nan. Ukashatu ya dubi yatsunsa masu kauri kamar rogo, ya ce ba zai iya ba.

Sai ga Malam Hashimu maƙerin fari, tsohon da ke ƙera wa matan garin 'yan kunne. Idonsa ya fara hazo, amma hannun yana nan daram. Ya ce, "Miƙo nan, ɗana." Ya zaro wata allura daga cikin hularsa, ya yi bisimilla, ya murza ta sau uku, ya busa, ya ɗaga wajen rana. Sallau yana jin nishin Ramma daga cikin gida, kamar ya fizge abin daga hannun tsohon. Malam Hashimu ya ƙara rabin murzawa, ya ce, "Ya isa." Aka ɗaura, aka buga. Allahu Akbar! Kunkuru ya yi ruri har awaki suka watse.

Sallau ya haye don ya gwada, yana sakin kuloci babur ya ɗaga ƙafar gaba ya watsar da shi cikin kwata. Ina! Mutumin da ya saba da Kunkuru ina zai iya da wannan? Idanu suka koma kan Jafaru, tsohon ɗan acaɓa, wanda tun da ya karye a wannan hawan shekara uku baya ko taɓa babur bai sake yi ba. Yana ɗingishi ya matso, ya ce, "Ku ɗauko ta." Aka zaunar da Ramma a bayansa, ungozoma ta tallafe ta, aka ɗaure su ukun da zane.

Jama'a, da kun ga tuƙi! Jafaru ya san kowane dutse a hanyar nan. Ya ratsa taɓo, ya kauce wa zaftarewa, ya sa giya ta ɗaya ya fuskanci hawan, Sallau da rabin gari suna biye a guje suna ihu. A daidai kwanar da ta karya Jafaru tayar baya ta zame, ya kafa gurguwar ƙafar nan a ƙasa, ya yi ƙara, ya murɗa, babur ya fizga ya haye. Sallau ya durƙusa a tsakiyar hanya yana kuka don murna.

A asibiti aka yi wa Ramma aiki, aka ciro ɗa namiji yana tsala kuka. Likita ya ce da an ƙara rabin sa'a, da labarin ya sha bamban. Ya kuma gaya wa Sallau a keɓe cewa daga wannan Ramma ba za ta sake haihuwa ba.

Ranar suna ƙofar gida ta cika maƙil. Sallau ya riga ya ɗauki alkawari gaban jama'a cewa sunan wanda ya ceci iyalinsa zai sa wa yaron. Ga Ukashatu ya wanke baƙin mai ya sha farar shadda, ga Malam Hashimu da carbinsa, ga Jafaru ya miƙe ƙafa a naɗe da bandeji. An kayar da rago, mahauci ya wasa wuƙa. Liman ya sunkuyo da kunnensa ya ce, "Malam Sallau, wane suna?"

Sallau ya dubi mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

To, ɗa ɗaya ne, babu wani a bayansa, liman kuma yana jira. In ku ne Sallau, sunan wa za ku raɗa masa?